Ni Na Kwaɓa, Balki Ta Kai

Tun da na dawo Gwandu mutane ke tambayata yadda Turkiyya take, ni kuwa sai in ce musu akwai sanyi, in ja bakina in yi shiru. To yau na gaji da jan baki. Sunana Hadiza, Dije ake ce mini. Kafin in tafi, duk gidan da za a kai gara a unguwarmu ni ake kira in yi alkaki da nakiya, kuma ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya ɗaya, Hauwa'u. Na sayar da injin markaɗena da awakina, na bar yarinyar wurin Innata, na bi maganar wani dillali da ya ce akwai aikin ɗaure kaya a shagon 'yan kasuwarmu a Istanbul. Kawuna na Kalgo, ƙanen Inna, da ya ji labari sai ya haɗa ni da ɗiyarsa Balki. Na girme ta nesa ba kusa ba, Adda take ce mini, amma da yake taubasai muke ba ta raga mini wajen tsiya, ni ma ba na raga mata.

Mun sauka da safe. Dillali ya ce za mu tarar da mutum riƙe da kwali mai sunanmu. Mun karanta kwalaye har idonmu ya yi ja, babu Dije babu Balki. Lambar da ya ba mu ta yi ƙara sau ɗaya, daga nan sai a kashe. Muka zauna kan jakunkunanmu har rana ta yi sanyi, yunwa na cin mu, Balki na cewa, "Adda, ko dai sunanki na Gwandu ne ya yi ma Bature wuyar rubutu?" Na yi dariyar dole.

Wani mutumin Dogondutsi ne ya cece mu, mai tallar agogo, ya zo tarbar kaya ya ji Hausarmu. Ya tambaye mu wa ya kawo mu, muka faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce ba mu ne na farko ba. Shi ya biya mana mota, ya saya mana burodi da shayi, ya kai mu har ƙofar wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda matan Afirka ke kwana. Ko sunansa ban riƙe ba saboda ruɗewa, kuma ban ƙara ganinsa ba. Har yau in na idar da salla ina sa shi a addu'a.

Ɗakin nan, wallahi ko awakin da na sayar ba zan kwantar a ciki ba. Bango na tsiyayar ruwa, katifa ana kwana a kanta bi da bi. Wata 'yar Ghana ta kai mu wani wuri da ake ɗinka jakunkuna, aikinmu yanke zaren da ya yi saura. A tsaye muke yini. Mai wurin ya ce sai ƙarshen wata, wata ya ƙare ya ce sai na gaba. Wata safiya muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an kwashe kekunan ɗinki, ko tsinke ba a bari ba. A cikin wannan jiran ne bizarmu ta ƙare.

A nan na san darajar abin da ake kira takardar zama. In ba ka da ita, jikin bango kake bi. Ba asibiti, ba aikin kirki, kowa ya cuce ka ya ci bulus. In aka kama ka a mayar da kai gida, a kuma hana ka dawowa. In kana da ita kuwa, ka yi aikinka a fili, ka je gida ka ga naka ka dawo. Ni abin da ke raina ke nan, in samu in riƙa zuwa ina ganin Hauwa'u ba tare da na rasa abin da na sayar da komai domin sa ba. Kuma ba ta samuwa ga irinmu sai wani ɗan ƙasa mai sana'a ya tsaya maka, ya ce ma'aikacinsa ne kai. Duk ranar Juma'a in kira Inna in ce mata lafiya lau, aiki na tafiya. Ta miƙa wa Hauwa'u wayar, yarinya ta ce, "Yaushe za ki zo?" In ce mata layin ba ya da kyau.

Balki kuwa bakinta ya kama yaren nan da nan. Tana ciniki, tana faɗa da direba, tana dariya da masu shago. Ni harshena ya ƙi. In na buɗe baki sai su ƙura mini ido, kunya ta kama ni in koma nuni da hannu. Takan ce, "Adda, bakin Gwandu bai lanƙwasuwa." In ce mata, "Ku mutanen Kalgo ai ko da aljani kun iya hira." Albarkacin bakin nata muka samu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar wani bene, ba haya, sai dai mu riƙa wanke matakalar daga sama har ƙasa. Na ce mu, amma ni ke wankewa.

A hawa na uku akwai wata tsohuwa, Nina, 'yar ƙasar Moldoba, Kirista, ta tsufa tana girki a gidajen mutane. Wata safiya ina gugar ƙofarta sai wani ƙamshi ya buge ni, ƙamshin ƙullun da ya kwana ya tashi. Sak na alkaki, ranar da za a kai gara, in ka buɗe ƙwarya da asuba. Ban san lokacin da na zauna a kan matakala na fashe da kuka ba. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta kama hannuna ta ja ni ciki.

Kek take yi, amma ba irin wanda muka sani na ƙananan gwangwanaye ba. Wannan da yis ake yin sa, rabi burodi rabi kek, su a wurinsu na ranar biki ne, kozonak take ce masa. Ta yanko mini. Cikinsa layi-layi, fari da baƙi a murɗe, in ka ja sai ya taho zare-zare. Na ci na lumshe ido. Sai na nuna mata kwanon ƙullun da ke gefe, na wanke hannu, na danna shi da yatsa, na girgiza kai alamar bai gama tashi ba. Ta dube ni ta kwashe da dariya, ta ɗaura mini ƙyallen girki a ƙugu.

Haka na koya, babu yaren da ya haɗa mu sai hannu. Madara a ɗumama ta, kada ta yi zafin da zai kashe yis, in ka sa yatsa ka ji kamar jikin jariri ya isa. A zuba yis da ɗan suga a bar shi ya yi kumfa. Fulawa a tankaɗe, ƙwai, suga, ɗan gishiri, a kankaro ɓawon lemo. Sai kwaɓi. Bota ba a zuba ta gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake sawa ana murzawa, ƙullun ya shanye kafin a ƙara. Da farko yana manne hannu har ka ji kamar ka ƙara fulawa, in na kai hannu wajen buhu sai Nina ta buge ni da cokali. Ci gaba za ka yi, kafaɗa na ciwo, har ya saki hannunka da kansa ya yi sheƙi. A rufe shi da tawul kusa da hita, a rufe taga, ba ta yarda ko a buɗe ƙofa da ƙarfi. In ya ninka, a murza shi ya yi faɗi, a shafe shi da narkakken cakulan, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗarsu mai ɓawo kamar dutse. A naɗe kamar tabarma, a tsaga naɗin biyu a tsaye, a kitsa su, a kwantar a gwangwani ya sake tashi. Sannan a shafa ƙwai a sa a obin.

Wuri ɗaya muka saɓa. Ta ɗauko wata ƙaramar kwalba za ta ɗiga a cikin cakulan, na shinshina na ji giya ce. Na ce, "A'a, Mama, haram." Wannan kalmar ta gane ta. Ta ɗaga kafaɗa tana nuna mini cewa in babu shi ƙamshin zai ragu. Sai na ce bari in gwada namu. Na dafa ruwan suga irin wanda muke tsoma alkaki, da lemon tsami da kanumfari da ɗan citta, kek na fitowa da zafinsa na shafe shi. Ta ci, ta sake ci. Daga ranar kwalbar nan ba ta ƙara saukowa daga kanta ba. A duk zamana a ƙasar nan, a kicin ɗin tsohuwar nan kaɗai na ji ni mutum ce.

Ashe Nina na kai wa wata mai shagon shayi kek ɗin, Madam Narmin, can bayan kasuwa. Da sanyi ya tsananta ƙafafun tsohuwa suka kumbura, ɗanta ya ce ta koma gida. Ta sauko ɗakinmu da kanta, ta sa Balki ta yi mana tafinta. Ta ce Madam na neman wadda za ta maye gurbinta, kuma ta yarda za ta yi wa mutum ɗaya takardar zama. Mutum ɗaya tak. Ta ce ta gaya mata akwai wata 'yar Najeriya a gidansu da ta iya. Ta bar mini ƙaramin obin ɗinta da gwangwanaye, ta dafa ƙirjina da yatsa tana maimaita wata magana. Ba sai an fassara mini ba: ki gasa, ki kai mata da kanki. Washegari ta tafi, na riƙe mata jaka har bakin titi ina kuka.

Na gasa. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Ya tashi ya yi ƙirji, kitson ya fito raɗau. Na naɗe shi a sabon tawul, na tsaya ina kallonsa.

To ga inda gizo ya yi saƙar. A wurinmu wadda ta yi girki ba ta ɗaukar akushi ta kai da kanta, ta tsaya a kan mutane tana jiran a yabe ta. Rashin kunya ne. Duk garar da na yi a Gwandu ban taɓa bin ta gidan ango ba, ƙanne da ɗiya ke kaiwa, yabo ya same ni a gida. Ga babba ga ƙarami, ƙarami ake aika. Ban ma tsaya na yi tunani ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Ga tsoron 'yan sanda, ga harshen da ba ni da shi. Na miƙa wa Balki na ce, "Ki gaishe ta, ki ce daga wadda Nina ta faɗa mata."

Ta dawo da fara'a. Ta ce Madam ta yaba ƙwarai, ta ce a riƙa kai mata kullum, maganar takarda kuwa sai ta ga hannu ya zauna. Ta ce kada in wahalar da kaina da fita, unguwar cike take da masu duba takardu. Na rungume ta, na ce Allah ya yi mata albarka.

Na shiga aiki ba ji ba gani. Kafin asuba na kwaɓa, in yi salla ƙullu na tashi, rana na fitowa Balki ta ɗauka ta tafi, ba ta dawowa sai yamma, wai tana taya Madam wanke kofuna. In na tambayi takarda ta ce ana kai. Sai na ga ta fara tashi da wuri tana zama kusa da ni, tana tambaya, tana ɗaukar bidiyon hannuna a waya. Daɗi ya kama ni, na ce yarinya ta fara hankali. Wani abu kuma da na lura, kullum za ta fita sai in ga fulawa a hannun rigarta da gefen hijabinta. In kakkaɓe mata ina cewa, "Ke dai ƙazama ce, ko kwaɓin ba ki taɓa ba kin fi ni ɓaci." Ta yi dariya ta wuce. Da yamma kuma ta hau matakala ta yi ta waya da Kawu, ta ce yana gaishe ni.

Ranar da asiri ya tonu, Madam ta yi odar da ta fi ta kullum, obin ƙarami ne, na ƙarshe bai gasu ba Balki ta tafi da sauran. Da ya fito na kira ta ba ta ɗauka ba. Na ce kada mu ji kunya, na yi bisimilla na ɗauka, ina tambayar hanya da sunan shagon kawai.

Ta gilashi na fara hango ta. Balki ce a bayan kanta, da farin ƙyalle a ƙugu da farar hula a kan ɗankwali, tana yanka kek ɗina, wasu mata biyu na ɗaukar ta hoto. Na shiga. Wata mata mai jan gashi ta taso, na san ita ce Madam. Ta karɓi kek ɗin, ta juya ta kira Balki da wani suna, usta. Wannan kalmar na san ta tun wurin ɗinkin jaka, gwanin da aiki ke hannunsa ake kira haka. Ta nuna ni tana tambaya. Balki ta amsa tana murmushi, a cikin maganar na tsinci kalma biyu, yaya da wanke-wanke. Sai a lokacin na gane fulawar da nake kakkaɓe mata. Da hannunta take shafawa.

Na ce da Hausa, a hankali, "Balki, mi kinka ce mata?"

Ba ta daina murmushi ba. Ta ce, "Adda, don Allah ki rufa min asiri. Ki yi dariya, tana kallonmu."

"Takardar fa?"

"Ta fito."

"Da sunan wa?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara faranti. Ta ce, "In kinka tona, tawa za a soke, ke kuma ba za a ba ki ba. Mu biyu za mu rasa."

Madam na tsaye tana dubana da fuskar kirki, har ta zuba mini shayi. Abin da ya rage kawai in naɗe hannun riga in nuna mata ƙunar obin a damtsena, in ce a kawo fulawa a ba mu mu biyu. Ba ya buƙatar yare. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma ɗiyar kawuna ce, jinina, a gaban bare, a ƙasar mutane. Na karɓi shayin na sha, ya ƙone mini harshe, na yi godiya na fita.

Da ta dawo ɗaki ban san ina da irin wannan muryar ba. Na kira ta maciya amana, na kira ta ɓarauniya, na ce tir da halinta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Adda, mi ya canza? Ke ki gasa, ni in kai, mu ci tare. Ai ko da an ba ki takardar ba ki iya magana da kowa."

Na ce, "Hauwa'u fa? Da takardarki zan je in ga ɗiyata?"

Ta ce, "A hankali, in na zauna da gindina sai in nema miki."

Kai, jama'a! Wato in tsufa a ƙarƙashin matakala ina kwaɓa wa ƙanwata suna. Na rantse ba zan ƙara taɓa fulawa ba. Washegari kafin asuba idona ya buɗe da kansa, na kwanta ina kallon rufi, sai na tashi na ɗumama madara. Mi zan ci in ban yi ba? Na ci gaba da yi, ba na yi mata magana, ina tunanin yadda zan koyi kalmomin da zan je in faɗa wa Madam gaskiya cikin mutunci, ba a gaban mutane ba. Har na fara tara su.

Ban kai ga haka ba. Yis ya ƙare, Balki ta ce ta manta, na fita da kaina zuwa kanti. A bakin tashar mota 'yan sanda suka tare ni, su biyu, cikin ladabi ma suka tambayi takarda. Ƙullin yis na hannuna aka sa ni a mota.

Inda aka tsare mu akwai mata daga ko'ina. Wata Balarabiya ta ga ƙafata babu safa, ta cire tata ta ba ni. Wata mai jin Turanci ta gaya mini cewa in mai aikin da nake wa aiki ta zo ta tsaya mini, wataƙila a duba. Na samu aka ba ni waya na kira Balki, na ce ta gaya wa Madam gaskiya, ko Allah zai sa. Ta ce tana zuwa.

Ta zo kuwa. Da na hango ta, duk da abin da ya faru, zuciyata ta yi sanyi, na ce jini ba wasa ba ne. Ta kawo mini jakata da fasfona. Ta yi kuka, ni ma na yi. Na ce, "Kin faɗa mata?" Ta ce ba ta samu fuska ba, Madam na cikin fushi, kek ya ƙi. Ta matso kusa ta rage murya.

"Adda, ina yin komai yadda na ɗauka a waya, amma yana fitowa da tauri. Kuma ruwan sugan nan, ban da kanumfari mi kike sawa?"

Na dube ta. Na daɗe ina dubanta. Wato abin da ya kawo ta ke nan. Na so in tofa mata yawu, wallahi na so. Sai na ga hannunta duk ƙuna, idonta ya faɗa, na tuna ranar da aka yi sunanta a Kalgo ni na goye ta. Na ce, "Kina ƙara fulawa in ya manne miki. Ki daina, ki ci gaba da murza. Citta ce da lemon tsami. Ki shafa tun da zafi." Ta sa na maimaita tana dannawa a waya. Da lokaci ya cika ta ce Allah ya kai ni lafiya.

Da jakar da na tafi da ita na dawo Gwandu, sai safar Balarabiya a ƙafata. Hauwa'u ta ɓuya a bayan Inna, sai da aka daɗe tana leƙena kafin ta yarda na taɓa ta. Babu inji, babu awaki, an kuma buga mini hatimin hana komawa. Mata na shigowa yi mini barka da zuwa, kowacce da hoton Balki a wayarta: "Dije, kin ga Balki? Ashe yarinyar nan gwana ce! Ke ba ki tsaya kin koya wurinta ba?" In yi murmushi in ce Allah bai nufa ba. Inna kaɗai na faɗa wa. Ta ce ita ba ta iya shiga tsakanina da ƙanenta, in je da kaina.

Na shiga mota zuwa Kalgo. Duk hanya ina tausayin Kawu, ina shirya yadda zan faɗa masa a hankali, tsoho ne, kada hawan jininsa ya tashi in ya ji abin da ɗiyarsa ta aikata. Na same shi a zaure ya dawo daga fadamar shinkafa, yana wanke ƙafa. Na durƙusa muka gaisa, ya yi mini jaje. Na fara, "Kawu, akwai maganar da ta kawo ni, game da takardar Balki."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Dije, kada ki wahal da bakinki. Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Awo. Ran da kinka aike ta da kek na farko, kafin ta shiga shagon ta kira ni. Ta ce ga yadda abin yake, mutum ɗaya za a ɗauka. Ni na ce ta karɓa."

Na ƙura masa ido. Shi kuwa ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafarsa, muryarsa a kwance kamar mai maganar farashin taki.

"Ke kina da sana'a a hannunki, duk inda anka jefa ki za ki ci. Ita mi gare ta? In ta dawo hannu wofi wa zai dube ta? Kuma na san halinki, ɗiyata. Ko an tambaye ki, bar mata za ki yi."

Na ce, "To Kawu, mi ya hana a tambaye ni?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Don mu hutar da ke."

Ban sani ba ko da na bar mata. Na sha juya abin a raina, wata rana in ce e, wata rana in dubi Hauwa'u in ce ina! Amma tawa ce, ni ke da ikon in bayar ko in hana, su biyu suka zauna a waya suka yanke, ni ina ƙarƙashin matakala ina murza ƙullu ina yi musu addu'a.

Ya ƙwala kira cikin gida a kawo mini fura. Na ce ina sauri, mota za ta tashi. Na sake durƙusawa na yi masa sallama yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Ni kuma, Allah ne shaidata, na buɗe baki na ce amin.